Ɗakina ya zama majalisa, ga jarabawar CC ta ƙarato, ga biki a Garwa

Ɗan_Lopere:

Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri zan ɗan ja rubutu, abin ne ya cika min ciki kuma ban da wanda zan gaya wa a nan, don waɗanda zan gaya wa ɗin su ne matsalar.

Ni ɗan Garwa ne, ina lisans 2, wato shekara ta biyu ta digiri, a jami'ar Ngaundere da ke Dang ɓangaren tattalin arziki. Bara da na zo Allah ya sa na dace da ɗaki a wata mini-site, gidan hayar ɗalibai, a unguwar Bini kusa da gerit, ƙofar shiga jami'a, tafiyar minti biyar ka shiga makaranta, ga rijiya a tsakar gida, ga ni da ɗan gas ƙarami da butar shayi da mama ta haɗo ni da su. To kun san sauran. Wanda ya fito kur (darasi) ɗin safe yana jiran na yamma ɗakina zai faɗo, wanda ke zaune cikin gari ba ya son biyan taksi sau biyu ɗakina zai faɗo, wanda wayarsa ta mutu yana neman caji shi ma haka. Da farko daɗi nake ji wallahi, ina ganin ni ma na zama wani, a amfi, babban ɗakin lacca, kowa na ɗaga min hannu. Yanzu kuwa akwai ranar da zan dawo in tarar da mutum huɗu a kan katifata suna buga karta, an karɓi makulli wajen maƙwabcina, ganyen shayina ya ƙare sukari ya ƙare, har wani na tambayata ko ban sayo burodi ba.

Talata da Laraba kuma in akwai Champions ba magana, ƙarfe tara mun tafi gidan kallo, sha ɗaya mun dawo, sai musun Real da Barça har ɗaya na dare, gobe kur bakwai da rabi ina zaune can bayan amfi ido biyu amma ba abin da ke shiga. Asabar taron ƙungiyar 'yan garinmu, Lahadi ƙwallo da safe, da yamma wani zai ce a raka shi gari. Polikop ɗina, takardun darasi, suna nan sababbi fil, wasu ko sunana ban rubuta a kai ba.

Sakamakon bara UE (darasi) biyu na kai ratarafaj, wato jarabawar gyara, ɗaya na ci da ƙyar, ɗaya kuma statistik tana kaina bashi har yanzu. Baba bai sani ba. Mutum ne mai ɗan shago a kasuwa, shi ke biyan sefa dubu 50 na rajista da kuɗin ɗaki na shekara da abin da ake turo min duk wata ta Orange Money, in ya kira ya ce yaya karatu sai in ce alhamdulillahi, in kashe waya in ji kamar na yi sata.

Abin da ya sa na rubuto yau, ɗan baffana zai yi aure, ɗaurin aure Asabar ta sama a Garwa, mu kuma CC, jarabawar tsakiyar samestir, Litinin da Talata har da statistik ɗin da nake bi. Tare muka tashi da shi gida ɗaya, ni ne ma aka sa cikin abokan ango, an riga an yankar min shadda. In na je dole in tashi Juma'a in dawo Lahadi da dare, kusan kilomita 280 ne ga gangaren dutsen falez, kuma na san kaina ba takardar da zan buɗe a gidan biki. In ban je ba goggona za ta yi shekara tana maganar.

To ku da kuka riga mu ya kuka yi? Ba na son in zama irin mutanen nan da boko ya sa ba sa gaisawa da kowa, amma kuma wallahi in na ci gaba a haka maimaita aji zan yi.

Tsohon_Amfi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ina mastar 2, a Bini ɗin nan ni ma na yi shekara uku, don haka ɗakin naka kamar ina ganinsa, har takalman da ke zube a bakin ƙofa.

Tunda tattalin arziki kake karanta bari mu fara da lissafi. Ban san yadda naku yake a kowace UE ba amma mu yawanci CC kashi 30 ne, SN, babbar jarabawar ƙarshen samestir, kashi 70, kuma 10 cikin 20 ake nema. In ka samu 14 a CC ka riga ka ajiye 4,2 a aljihu, abin da ya rage maka a SN 8 da ɗan wani abu ne, ko kana zazzaɓi za ka iya kawo shi. In ka samu 4 a CC kuwa sai ka kawo kusan 13 a SN kafin ka tsira, in ba ka rubuta ba kwata-kwata sai ka haura 14. Yanzu ka gaya min tsakani da Allah, a statistik ɗin da ta kayar da kai bara za ka kawo 14? Yara da yawa da ke fitowa lise (sakandare) ba su gane wannan da wuri, sun saba da bak, jarabawar gama lise, inda mutum zai yi wasa wata shida ya zo ya ƙure kansa wata biyu ya haye. A tsarin jami'a na LMD (lisans, mastar, doktora) ba haka ba ne, kredi 30 ne duk samestir, 180 kafin a ba ka lisans, kuma wanda ka bari a baya yana nan yana jiranka, zai zo ya haɗu da na bana, wani lokacin ma awa ɗaya za a sa maka su sai ka zaɓi wanda za ka shiga.

Maganar ɗaki kuma, kar ka ce za ka kori kowa, ba za ka iya ba, ni ma ban iya ba. Kunya ba za ta bar ka ka ce wa mutum tashi ka fita ba kuma in ka yi sau ɗaya sunanka ya ɓaci har Garwa. Abin da na yi shi ne ni na bar musu ɗakin. Na daina karatu a ciki gaba ɗaya. In na yi sallar asuba ba na komawa katifa, sai in sa rigar sanyi in ɗauki polikop in shiga makaranta, ajujuwa duk a buɗe ba kowa sai ɗaiɗaikun mutane irina, daga biyar da rabi zuwa bakwai da kwata, kullum banda Lahadi. Ka ga kamar ba yawa ko? Lissafa, ya haura awa goma a sati, kuma awa ce da ba mai zuwa neman ka a cikinta, don 'yan majalisa duk suna barci. Wahalar kawai sanyin Disamba da Janairu na Ngaundere, wannan kam sai ka daure, akwai ranar da yatsuna suka ƙi riƙe bik.

Amma asuba ba ta yiwuwa in ka kwanta ƙarfe ɗaya, a nan ne za ka yi yaƙi. Ni na zaɓi dare ɗaya ne a sati, wasan da nake so na kalla in kalla, in an tashi in wuce ɗaki ban tsaya musu ba. Musun nan shi ke cin mutum ba wasan ba, wasa minti 90 ne, musu kuwa ba alƙalin da zai hura tashi.

Sai makulli. Karɓe shi daga wajen maƙwabcin nan yau ɗin nan, ka ce mai site ya yi faɗa ko ka ce komai. Butar shayi da gas kuma ka kai ɗakin wani daga cikinsu ka ce a riƙa haɗawa a can kana zuwa. Za ka sha mamaki, mutanen nan rabinsu buta suke bi ba kai ba, inda ta koma nan za su koma, kai kuma ka zama baƙo mai zuwa ya sha kofi ɗaya ya tashi lokacin da ya ga dama. Mai masauki ne ba ya iya tashi.

Biki kam ni a ganina kar ka je. Amma wannan maganar gida ce, akwai waɗanda suka fi ni sanin yadda ake lallaɓa ta.

Yar_Domayo:

Hmm ku maza wallahi kuna jin daɗi, wai matsalarka mutane sun yi maka yawa a ɗaki kuna shan shayi. Ni a Marwa nake karatu kuma a gidanmu nake zaune, ba ni da ɗakin da zan rufe ma balle in karɓe makulli. Mu huɗu ne a ɗaki da ƙannena. Asubar da yaya Tsohon_Amfi ke cewa ba mai neman mutum a cikinta, ni a lokacin nake hura wuta in dama kunu in shirya yara makaranta sannan in nemi moto zuwa makaranta a Kongola. In na dawo ga tuwon dare. In azumi ya zo kuwa kar ma a yi magana, daga la'asar mutum na kicin, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura 40, in wuta ta ɗauke ɗaki kamar tanda, sai dai ka fito tsakar gida da fitilar waya sauro na cin ka.

Biki kuma ku naku ɗaurin aure ne a yi fatiha a ci goro a watse. Mu akwai anko, akwai kamu, akwai sa lalle, wuni, kai amarya, buɗar kai, sati guda cur, kuma in ba a gan ki a ɗaya ba an rubuta. A lisans 1 ƙawayena uku suka yi aure cikin samestir ɗaya, duk na je duk na yi anko, kuɗin fotokofi na ya tafi wajen tela, ranar da aka liƙa not (maki) a babiyar, allon sanarwa, na tsaya ina neman lambata daga sama ina saukowa ina saukowa har na kusa durƙusawa. A moto na yi kukana, mai moton ma sai da ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Abin da ya cece ni innata ce, kuma ba wai ta yi boko ba. Na zaunar da ita ne na nuna mata takardar, na ce inna kin ga wannan in bai kai goma ba shekarar ta tafi da kuɗin baba. Na kawo mata jadawalin CC da SN na ce ga ranakun da in na fita na mutu. Tun daga nan ita ke tare min. In an aiko ana nemana sai ta ce tana da jarabawa ni na hana ta, kuma maganar uwa ba mai ja. Satin jarabawa ƙanwata ke karɓar girki, in an yi hutu in rama mata. Da a ɓoye nake fama ina jin haushin kowa, ashe su ba su ma san yadda abin yake ba, a ganinsu jami'a kamar lise ce, ka je ka dawo shi ke nan.

Shi ya sa abin da ya fi tsaya min a rubutunka ba ɗakin ba ne, cewa da ka yi baba bai sani ba. Ta ina za su tausaya maka su ɗaga maka ƙafa a biki alhali kullum kana ce musu alhamdulillahi komai lafiya? A wajensu kai mai ƙoƙari ne da kwana uku ba za su rage shi da komai ba. Ban ce ka kira baba ka zazzage masa komai ba in kana tsoro, amma mama fa? Wadda ta haɗo ka da buta ai za ta iya jin wannan.

Ni yanzu ƙa'idata a biki rana ɗaya nake zaɓa, yawanci wuni, in je da wuri in yi aiki sosai a gan ni, in ba da gudummawata a hannu, in gudu kafin magariba. Anko kuma sai na 'yar uwa ta jini. An yi gunaguni an gaji, wata ƙawata har yau ba ta amsa min sallama da kyau, na bar ta.

Ɗan_Njamena235:

Salam. Ni daga Cadi nake, na gama lisans a Dang na dawo gida. Ina so in faɗi ɗaya gefen don kar a tura yaron nan ya faɗa ramin da ni na faɗa.

Lokacin da zan taho babana ya raka ni har gadar Ngeli, abin da ya ce min na ƙarshe shi ne karatu na aike ka ba abota ba. Na riƙe maganar nan da ƙarfi fiye da yadda shi ma yake nufi. Daga Kusiri zuwa Marwa zuwa Garwa har Dang ban yi wa kowa magana a mota ba. Na kama ɗaki can ƙarshen unguwa, daga amfi sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci. 'Yan Cadi suna da yawa a can kuma suna da ƙungiya, sun zo har ƙofa sau biyu na ce ina karatu. Gurup ɗin WhatsApp na ajinmu na fita saboda surutu da hotuna sun yi yawa. Fulatanci ban iya ba, Hausa da Larabcinmu da Faransanci kawai, kuma ban yi ƙoƙarin koyo ba, ko gaisuwar "jam na" ban iya amsawa da kyau.

Wata na uku zazzaɓi ya kwantar da ni, mu da muka saba da zafin Njamena sanyin can da ruwan sama ba su yi mana da sauƙi. Kwana uku ina ciki ba wanda ya sani don ba wanda ya saba ganina balle ya ce ina wane. Wani yaro ɗan kudu da ke ɗakin kusa, wanda ko sunansa ban sani ba, shi ya lura bokitina na waje tun shekaranjiya ba a taɓa ba, ya buga ƙofa, shi ya ɗauke ni a moto zuwa asibiti ya kuma dafa min ruwan zafi. Da na warke na shiga makaranta na tarar an yi CC biyu, delege, wakilin aji, ya sanar a gurup ɗin da na fita, kowa ya sani sai ni. Ba wanda ya kira ni don ba mai lambata.

Kuma ko ba ciwo, karatun jami'a ba na mutum ɗaya ba ne. TPE, aikin da malami ke ba ɗalibai, rukuni ake yi, in ba ka san mutane ba sai a jefa ka cikin waɗanda ba wanda ya so. Faks, wato tambayoyin jarabawar shekarun baya, a hannun manya suke, ba a sayar da su a kanti, sai wanda ya san ka zai ce zo ga tambayoyin malam wane na shekara uku ka duba yadda yake tambaya. Ni na yi ta haddace polikop daga bango zuwa bango, waɗanda ke shan shayi da 'yan lisans 3 sun san inda ake tambaya sun fi ni not. Abin ya yi min ciwo sosai a lokacin.

Don haka ɗan'uwa jama'ar da kake da ita dukiya ce, ni da kuɗi na nema a shekara ta biyu ban samu irin taka ba. Cikin masu zama a katifarka ba za a rasa mutum biyu da suka iya statistik ba, ko wanda ya san wanda ya iya. Ka taɓa tambaya? Ka ce musu shayi na nan amma Alhamis daga huɗu zuwa shida TD, wato atisayen darasi, za mu yi, wanda zai yi ya zauna. Waɗanda ba karatu ya kawo su ba da kansu za su miƙe, ba ka kori kowa ba.

Sarkin_Shayi:

Kai jama'a kun cika tsoratar da yaro 😂 Ɗan_Lopere je ka bikinka ka ci shinkafa, ratarafaj ai don mutane aka yi shi ba don aljanu ba. Masu lisans nawa ne ke tuƙa moto a Garwa yanzu haka? Takarda ba ta ba da aiki, mutum ke ba da aiki, ranar da za ka nemi staj (koyon aiki) ko ka shiga konkur (jarabawar ɗaukar aiki) wanda kuka sha shayi tare shi zai tuna da kai ba polikop ba. CC kuma ana yi duk samestir, ɗan baffanka kuwa sau ɗaya zai yi auren fari.

Tsohon_Amfi:

Sarkin_Shayi na ji ka, kuma maganar mutum ke ba da aiki ban musa ba. Amma konkur ɗin da kake faɗa sai da takardar ake karɓar dosiye, kuma akwai iyakar shekaru, duk shekarar da ya maimaita tana cin wannan. Wanda zai taimake ka ma cewa zai yi kawo takardunka in gani. Sannan ratarafaj ɗin ai ya riga ya gwada, biyu ya kai ɗaya ta dawo da shi. Ba kai za ka kira babansa ka ce a sake biyan dubu 50 da kuɗin ɗaki ba.

Malam_Mai_Alli:

Assalamu alaikum. Ni malamin lise ne, na kusa ritaya, 'yata ce ta nuna min wannan ta ce in sa baki.

Mu lokacin da muka yi karatu jami'a ɗaya ce tak a Kamaru, ta Yawunde. Daga arewa sai ka zo Ngaundere ka hau jirgin ƙasa ka kwana a ciki. Gwamnati ke ba ɗalibi bursi a lokacin, sai a gyaran 1993 aka soke aka kawo biyan dubu 50, a shekarar ne kuma Ngaundere ta zama cikakkiyar jami'a. Abin da nake so ku lura, mu nisa ya yi mana katanga. In ka tafi Oktoba ba mai sa ran ganinka sai babban hutu, a yi aure a yi suna har rasuwa sai dai ka samu wasiƙa bayan sati uku, ba wanda zai ce ka yi girman kai. Ku yanzu an kawo muku makaranta ƙofar gida, Marwa tun 2008, Garwa ma ta samu tata a 2022, ga waya a aljihun kowa. Alheri ne babba, 'ya'yan talakawa da mata da yawa da ba za su taɓa zuwa Yawunde ba sun yi karatu. Amma katangar ta faɗi, duk abin da ya faru a dangi ana ganin kana kusa, sai ka gina taka da bakinka, kuma yaro ɗan shekara ashirin bai saba cewa babba a'a ba. Ba laifinka ba ne ɗana, haka muka tarbiyyantar da ku.

Game da bikin, kuskuren da yara ke yi shi ne su yi shiru har ranar ta wuce sannan su turo saƙo. Wannan shi ke zama raini. Kar ka fara da angon, kar ka fara da goggo. Baffanka za ka kira, uban ango, yau ko gobe bayan magariba, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce baffa ga jarabawa ta faɗo Litinin kuma akwai darasin da na faɗi bara, na kawo maka maganar ne ka yanke min. Ka bar hukuncin a hannunsa. A shekarun da na yi ina hulɗa da iyayen yara da wuya na ga dattijon da aka girmama haka ya ce bar jarabawar ka zo. In shi ya ce zauna, bakin kowa ya mutu, goggo ma sai dai ta yi da ƙanenta ko yayanta. Sannan ka tura wa ango gudummawarka kafin ranar ko kaɗan ce, in an gama CC ka je takanas ka kwana biyu ka gaida amarya, zumunci a ƙafa yake, ba a ce lallai sai ranar taro ba.

Babanka kuma ka gaya masa maganar statistik da bakinka kafin rilebe, takardar sakamako, ta gaya masa. Ɗan kasuwa ne, ya san bashi.

Ɗan_Lopere:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, malam Allah ya ƙara girma. Na yi shiru kwana biyu ne don in ga yadda za ta kaya kafin in dawo.

Mama na fara kira kamar yadda Yar_Domayo ta ce, ta yi shiru can ta ce ai ta lura tun hutu ba na son a yi zancen makaranta. Ita ta gaya wa baba, ni ban iya ba malam ka yi haƙuri. Bai kira ni ba har yanzu, kuɗin wata dai ya shigo jiya ba ko saƙo, ban san me wannan ke nufi ba. Baffa kuma da na kira shi ko gama bayani ban yi ba ya ce zauna ka yi abin da ya kai ka, shaddarka na nan. Goggo dai ta turo min murya ta minti huɗu a WhatsApp, na saurari minti ɗaya na ajiye sauran sai bayan Talata. Ango ya ce ba komai amma daga muryarsa akwai komai.

Buta da gas suna ɗakin wani abokina tun ranar Lahadi, kuma yaya Tsohon_Amfi wallahi kamar ka yi duba, majalisa ta koma can gaba ɗaya, har na ɗan ji haushi da na dawo na tarar da ɗakina shiru ba ko takalmi ɗaya a ƙofa. Mutum ɗaya ya yi fushi kan makulli yana cewa na fara jin kaina, wannan na bar shi. Asuba na gwada sau uku, biyu na tashi, ɗaya na farka bakwai saura da polikop a fuska. TD na Alhamis mutum biyu suka zauna, ashe ɗaya daga cikinsu 15 ya samu a statistik bara, shekara guda yana shan shayina ban sani ba.

Laraba akwai wasan Real, ban yanke ba tukuna. Dan Allah in akwai mai faks ɗin mikro na lisans 2 ko na shekara biyu baya ne ya taimaka min, zan zo in karɓa ko'ina ne a Bini ko Dang in yi fotokofi in mayar a ranar.